Takardar da Na Dangwala wa Yatsa

Suwaidi, Riyad
3 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Hansai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da maigidanki da yara. Ina fatan damina ta sauka lafiya a Gusau.

Kin yi ta ƙorafin ba na ɗaukar waya. Ɗakinmu ɗaya ne, Malam yana karatu a gefe, ni kuma da na buɗe baki kuka ke tsinke mini magana. Shi ya sa na rubuta a takarda, zan ɗauki hotonta in turo miki.

Ranar Alhamis ce, mako biyu bayan ƙaramar salla. Na tuna har littafin da nake karantawa a waya cikin tasi, na tsaya daidai inda jarumar za ta shiga jirgi. Har yau ban koma na ga ko ta shiga ba.

Kin san tun da Malam ya kawo ni nan nake yin lalle a ɓoye. Iƙamata, wato katin zama, ta matar ɗalibi ce, ba a yarda in yi sana'a ba. Amma abin da jami'a ke ba shi ba ya riƙe mutum biyu, matan nan kuma suna son zanenmu na baƙi da ja. Maƙwabciyarmu Muhibba, Bahaushiya ce haifaffiyar nan, ita ta haɗa ni da gidan wani mai suna Abu Nayif da za su aurar da 'yarsu.

Bayan la'asar na gama hannuwan amarya, aka ce in fita tsakar gida in yi wa ƙannenta. An shimfiɗa jan kafet daga ƙofar falo har bakin get saboda baƙi. Ina tafe da robar lalle a hannu, na taka wani wuri, sai ƙasa ta buɗe. Yaya, a nan gidaje suna da rijiyar siminti ƙarƙashin tsakar gida da ake tara ruwa, hazzan suke ce mata. Murfin tasu tsatsa ta cinye shi, maimakon su gyara sai suka lulluɓe shi da kafet kada baƙi su gani. Kuma an kwashe ruwan za a wanke ta. Na faɗa kan busasshen siminti, zurfin mutum biyu. Na ji ƙarar ƙafata kamar an karya rake. Da na ɗaga kai, sai ga fuskokin mata a bakin ramin, kowacce ta ɗaga hannuwanta sama kada lallen ya goge.

Direban gidan ya zura tsani aka fito da ni. Ba su kira motar asibiti ba, Malam suka kira. A asibiti da aka tambayi inda na faɗi, ya ce a matakalar gidanmu. Na gane dalilinsa, ban ƙaryata shi ba. Suka yi mini aiki, suka sa ƙarfe a ƙwaurin dama.

Kwana uku bayan haka Abu Nayif ya zo dubiya da kansa. Dattijo ne, sanye da jallabiya fara tas, ƙamshinsa ya riga shi shigowa, an biyo shi da kwandon dabino da furanni. Ya ce, "Salamat, ya binti." Malam ya ce mini, "Sannu yake yi miki, ya ce ke 'yarsa ce."

Kin san ni da littattafai. A cikinsu duk ranar da mai kuɗi ya buge yarinya da mota, in dai ta ce ta yafe, to daga ranar ya ɗauki nauyinta ke nan, da na iyayenta. Ina kwance, allurar kashe zafi tana juya mini kai, na ce a raina ashe nawa labarin ne ya zo. Ga kuma tarbiyyarmu, mutum ya tako ya zo duba ka ba ka ƙirga masa laifi a fuska. Na ce, "Malam, gaya masa ba komai, ƙaddara ce, na yafe." Dattijon ya yi murmushi, ya zaro takarda daga aljihu, har da ɗan akwatin tawada. Na ɗauka ta ɗaukar nauyin asibiti ce. Na dangwala yatsa.

Tun daga ranar lambarsa ba ta shiga. Jiya likita ya duba hoto ya ce ƙashin bai haɗu ba, ƙafar ta fara karkacewa. Sai an sake aiki kafin wata huɗu, in ba haka ba ba zan ƙara taka ta daidai ba. Inshorarmu ƙarama ce, sun ce ba za su ɗauka ba.

Malam yana iya ƙoƙarinsa. Shi ke girki, shi ke ɗaukata zuwa bayi. Ba ya yi mini faɗa, ko kallon idona ba ya iya yi. Ni na jawo mana da bakina.

Don Allah kada ki gaya wa Inna tukuna.

Ƙanwarki,
Bashira

*

Gusau
5 ga Yuni

Bashira,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya. Inna tana gaishe ki, ita har yanzu targaɗe ta sani.

Sau uku na karanta takardarki a shago, har na ɗinka wa wata mata hannun riga a baibai. Sannu, 'yar ƙanwata. Allah ya ba ki lafiya. Na yi kukana na gama, yanzu bari in yi faɗana.

Tun kina 'yar sakandare kike ƙona mana tuwo saboda littattafai, na ce wata rana sai sun ƙona ki. Masu rubuta su ma a keke napep suke zuwa kasuwa, babu attajirin da ya buge su ya saya musu gida. Mutum ya zo dubiya da tawada a aljihu, ke ko a ranki ba ki ce me ya haɗa dubiya da tawada ba?

Amma bar wannan, ke allura ce a kanki. Tambayata ɗaya ce. Mijinki shekara nawa yana karatun Larabci da shari'a a ƙasar nan? Wanda in ya zo hutu limamin unguwarmu ke ba shi gaba. Yana tsaye a ɗakin. Takardar ta wuce ta gabansa. Bai karanta ba? Kin rubuta mini launin kafet da ƙamshin tsoho, ba ki rubuta mini abin da Malam Abdulmuttalib ya ce da aka zaro takarda ba.

Kada ki tambaye shi tukuna. Ki nemi kwafin takardar, ki ba wannan Muhibbar ta karanta miki kalma bayan kalma. Sannan ki nemi wanda ya san dokar garin. Yafiya da baki daban, haƙƙin ƙafa daban. Shekarunki ashirin da uku, Bashira. Ba zan zauna ina kan keke a Gusau ki gurgunce saboda kara ba.

Ki riƙa cin abinci. Ki ajiye wayar nan da littattafanta ko na mako ɗaya ne.

Yayarki,
Hansai

*

Suwaidi, Riyad
27 ga Yuni

Yaya Hansai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kowa da kowa. Ki yi haƙuri da shirun da na yi. Sau biyu ina fara rubutu ina yagawa.

Da na karanta tambayarki na ji haushinki. Kwana biyar ban sake buɗe takardar ba. Amma ta zauna mini a ƙirji, ko Malam ya miƙo mini shayi sai in ji ta.

Ranar da ya tafi jami'a, Muhibba ta kira mota muka koma gidan Abu Nayif. Da sanduna biyu na sauka, rana tana dukan kwalta. Muka danna ƙararrawa, aka ce matar gidan ba ta nan, alhali ina jin muryarta. Muhibba ta yi ta zuba musu Larabci ta cikin na'urar ƙofa, ita da ma ya fi mata Hausa sauƙi. Can 'yar aikinsu ta buɗe ƙaramar ƙofa ta miƙo ambulan, kamar da ma an ajiye ana jiranmu. Kafin ta rufe na leƙa. An sa sabon murfi, Yaya. An yi masa fenti kore, har da kwado.

A cikin mota Muhibba ta buɗe. Ta karanta a zuci, ta dube ni, ta ninke.

Na ce, "Karanta mini."

Ta ce, "Ya ukhti, 'yar'uwata, mu je gida ki sha ruwa awwal, tukuna."

Na ce, "A nan."

Ta ce sunanta tanazul, wato takardar janye haƙƙi. An rubuta cewa ziyara na je ba aiki ba, ni na yi tuntuɓe da kaina, ba na neman komai a wurin mai gida, yanzu ko nan gaba. Ga yatsana a ƙasa. Ƙarƙashin yatsan akwai layi biyu da biro, rubutun da na sani, don shi ne a bangon duk littafin da ya taɓa saya mini. Muhibba ta fassara: "Ni mijinta na karanta mata wannan da harshenta, ta fahimta, ta yarda."

Ban yi kuka ba. Na ce wa direba ya kai mu unguwar Batha.

Muhibba ta san wani ɗan Sudan mai ba da shawarar shari'a, ofishinsa yana can, saman wani shagon turare. Babu lif. Zaune na hau matakalar, da baya da baya, mutane suna tsallake ni da kayansu. Mutumin kirki ne. Ya ce yatsan da aka karɓa wurin mara lafiya mai allura a jiki ana iya rushe shi. Hotunan lallen suna wayata da kwanan watansu, akwai mata da suka gani, akwai direban gidan. Ya ce irin waɗannan mutanen ba sa son sunansu a kotu, da sammaci ya isa sukan nemi sulhu cikin makonni, aikin ƙafa ba zai gagara ba. Har zuciyata ta fara tashi sama.

Sai ya cire gilashi ya ce amma in sani, sai na faɗi abin da ya kai ni gidan. Ranar da na ce aiki na je, ni kam fitar da ni daga ƙasar za a yi. Mijina kuma ya bar matarsa ta yi sana'a, ya yi wa asibiti ƙarya, ya sa hannu a shaidar da ba haka take ba. Ya ce, "Ban ga jami'ar da za ta riƙe ɗalibin shari'a da wannan ba."

Na dawo na tarar Malam yana yanka albasa. Na ajiye takardar kan littafinsa da ke buɗe. Yaya, shekarar da na zo, yakan karanta mini darasinsa ina kwance a kafaɗarsa. Akwai wanda ban manta ba, don na yi dariya a lokacin: wanda ya kira mutum gidansa, akwai rami a rufe ya sani bai faɗa ba, to diyya tana kansa. Na ce masa su malamai har ramin gida sun yi wa babi.

Na ce, "Malam, ka karanta?"

Ya ajiye wuƙar. Ya ce, "Na karanta."

"Ka karanta mini?"

"A'a."

Iyakar abin da muka ce ke nan. Ya gama miyar, ya zuba mini, ya ɗauke ni ya kai ni na wanke hannu. Har yau shi ke ɗaukata. Ba ni da wani mai ɗaukar.

A littattafai a nan ne mace ke haɗa akwati ta buga ƙofa. Ni akwatina yana saman durowa, ba na iya kai hannu.

Ƙafar tana zafi da safe, ta kumbura zuwa azahar. Saura wata uku da 'yan kwanaki. Ki gaya mini abin da zan yi.

Taki,
Bashira

*

Riyad
1 ga Yuli

Zuwa ga babbar yaya, Hajiya Hansai,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh. Bayan gaisuwa ta girmamawa gare ki da Inna, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana.

Na ga kiranki har sau bakwai. Ban ɗauka ba don kunya, ba don raini ba. Bashira ta ce kin san komai, saboda haka ba zan ɓoye ba, kuma ba zan wanke kaina ba.

Kafin Abu Nayif ya shiga ɗakinta ya tsayar da ni a barandar asibiti. Ya yi magana a hankali, hannunsa a kafaɗata. Ya ce shi ba ya son sharri ga kowa, amma ɗan'uwansa ya ba shi shawarar ya kai rahoto cewa wata baƙuwa tana sana'a ba izini. Ya ce in an sa hannu a takarda ɗaya, kowa ya huta, shi kuma ba zai manta da mu ba. Ya ambaci sunan tsangayar da nake da sunan malamin da ke duba rubutuna. Ban san inda ya samo su ba.

Saura mini wata goma sha huɗu in kammala. Shekara shida ke nan. Mahaifina ya rasu ina nan ban ga gawarsa ba, ƙannena huɗu da mahaifiyata suna jiran wannan takardar. Ban faɗi haka don ya zama hujja ba. A lokacin likita ya ce aikin ya yi kyau, na yi zaton wata biyu za ta miƙe, magana ta wuce. Da ta ce ta yafe da bakinta, sai na ce wa kaina ai ga shi ta yarda. Na san wannan ba yarda ba ce. Na san hukuncin tun kafin in ɗauki biron, don na ci jarrabawa a kansa.

Na nemi taimako wurin 'yan'uwa ɗalibai da wata ƙungiyar agaji. Abin da aka samu bai kai ko'ina ba. Na koma gidan mutumin sau biyu, ba a buɗe mini ba.

Na gaya mata, ina kuma gaya miki: idan ta zaɓi kai ƙara ba zan hana ta ba, zan je in faɗi gaskiya gaban alƙali. Amma ban iya ce mata ta kai ba. Na gwada, harshena ya ƙi. Ta lura da haka.

Ina roƙon ki nema mini gafarar Inna. Amanarta na ɗauko.

Wassalam.
Ƙaninki,
Abdulmuttalib

*

Gusau
2 ga Yuli

Bashira,

Salamu alaikum. Mijinki ya rubuto mini. Hausarsa kamar huɗuba, babu inda ya yi kuskure sai inda ya kamata.

Na gaya wa Inna. Ba zan iya ci gaba da kallon idonta ba. Ta tambaya wace ƙafar ce. Na ce ta dama. Ta ce wadda kika fara takawa da ita ke nan, ranar kin bi kaza har bakin zaure.

Kin ce in gaya miki abin da za ki yi. Ki kai ƙara. Mijinki ya ce ba zai hana ki ba, to ki riƙe shi a kan maganarsa. Karatu in ya lalace a can, akwai makarantu a duniya. Ke fa? Shekara hamsin masu zuwa da wace ƙafar za ki yi su? Shi ya zaɓa a barandar asibiti, ko minti biyar bai ɗauka ba, kuma bai tambaye ki ba.

Na san ki. Kina can kina tuna uwarsa da ƙannensa, kina ganin kanki a matsayin jarumar da ta sadaukar. Babu mai rubuta ki, Bashira. Babu shafi na gaba da za a saka miki.

Ko me kika yanke, ɗakinki na nan, na sa an gyara rufin.

Yayarki,
Hansai

*

Suwaidi, Riyad
19 ga Yuli

Yaya,

Assalamu alaikum. Ki gaida Inna, ki ce na gode.

Na koma Batha. Ɗan Sudan ɗin ya rubuta ƙarar, shafi biyu, Muhibba ta karanta mini duka, wannan karon har na sa ta maimaita. Ya miƙo mini tawada. Na daɗe ina kallon yatsana. Ba jarumar kowa na tuna ba, Yaya, na goge littattafan tun ranar da kika ce. Tsohuwar Malam na tuna, yadda ta riƙe fuskata da hannu biyu ranar da zan taho. Ita ba ta rufe rami da kafet ba, ba ta kuma riƙe biro ba. Na ba ɗan Sudan ɗin haƙuri, na sauko matakalar da zama kamar yadda na hau.

Ba zan kai ƙara ba. Na san abin da hakan ke nufi ga ƙafar, likita ya sake faɗa mini shekaranjiya. Kada ki yi mini faɗa, na gaji.

Da na gaya wa Malam ya yi kuka. Na ga sauƙin da ya sauka a fuskarsa kafin hawayen, ya yi ƙoƙarin ɓoyewa bai iya ba. Na ce masa gida nake so.

Zan tashi daga filin jirgin Sarki Khalid ranar Laraba mai zuwa, in sauka Kano da hantsi. Ki zo da mota mai faɗin baya, ƙafar ba ta lanƙwasuwa.

Malam ne mai iƙamata, shi ke fitar mini da bizar tafiya ta wayarsa. Iri biyu ce, akwai ta fita da dawowa, akwai ta fita gaba ɗaya. Ya zauna a bakin katifa ya buɗe, ya tambaye ni ta wata nawa zai sa, uku ko shida.

Na ce ya sa ta fita gaba ɗaya.

Ƙanwarki,
Bashira